Ban San Dije Ta Daina Haɗiya Ba

Ni ba malami ba ne. Ɗan bokon da na iya a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, da gemuna, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, ya ɗauki maganar ya bar hannun. Sunana Ɗanladi. Gyaran keke nake yi a bakin Sabon Gari, nan Keffi, gidana kuma yana unguwar Liman Abaji. Matata Dije ta rasu bara da saukar damina, ciwon daji ne ya ci mata maƙogwaro. Maza irina na rubuta wa wannan, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A unguwarmu maza a waje suke cin abinci. Da an idar da magariba sai a fito wa kowa da akushinsa, mu jera a tabarma a ƙofar gidan Malam Iro tela, a yi ciyayya, a ci na wannan a taɓa na wancan. Haka na tashi na ga ubana yana yi. Mata suna can ciki da nasu kwanon. Dije kuwa ta fi sauran mata, don a hannun kakarta ta tashi, tsohuwar Bafillatana mai tsananin kunya. Shekara ashirin da wani abu muna tare, ban taɓa ganin ta kai loma baki ba. In na shigo tana ci, sai ta kife kwanon da faifai ta goge baki da gefen zane. Ko goro ba ta taunawa in ina wurin. Duk unguwa ana yabon ta da wannan hali, kuma yabon yana yi mini daɗi.

Farkon daminar bara waccan muryarta ta dushe. Na tambaye ta, ta ce hayaƙi ne, don sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kullum tana bakin murhu. Damina ta yi nisa murya ba ta dawo ba. Wani lokaci in ga ta dafe kunne. In na ce lafiya, ta ce sanyi ne. Na ce mata ta rame, ta ce aiki ne ya yi yawa. Azumi ya zo, a azumi kuwa kowa ramewa yake yi. Akushina dai bai taɓa fasa fitowa ba, tuwo da laushi, miya da daɗi, har su Malam Iro suna cewa a fara da na gidan Ɗanladi.

Wadda ta faɗa mini ba 'yar'uwarta ba ce, ba kuma tawa ba. Mama Tayo ce, wata Bayarabiya da shagonta ke jikin rumfata, tana sayar da sabulu da gishiri da kananzir, kuma ita ke sarar ƙulin Dije, saboda haka tana shiga gidana kai tsaye. Baba Asabe take kira na, da sunan 'yarmu, wadda ita kaɗai Allah ya raya mana, tana aure a Lafiya. Bayan ƙaramar salla ne, ina tsugune ina neman hujin taya a cikin kwanon ruwa, ta zo ta tsaya mini a ka.

"Baba Asabe, ajiye wannan taya."

Na ce, "Mai shi yana jira."

"Ya jira. Matarka ba ya cin abinci."

"In ji wa?"

"In ji idona. Tuwo ba ya shiga, shinkafa ba ya shiga. Kunu kawai, kunun ma na gani yana dawowa ta hanci. Tun kafin azumi. Kai kana ina?"

Na ce ina nan.

Ta ce, "Kana nan kana hura taya. Ni Baba Tayo in ya bar nama ɗaya a kwano na sani. Ku wane irin aure ne, ba ka ganin bakinsa, ba ya ganin bakinka?"

Na bar keken a kife na tafi gida da rana tsaka, abin da ban saba ba. Na same ta a bayan ɗaki zaune a kan turmi, da kofi a hannu, hawaye na zuba saboda tari. Tana ganina ta tura kofin bayan tukunya.

Na ce, "Dije, yaushe rabonki da tuwo?"

Can ta ce, da muryar nan kamar ana goga takarda, "Wa ya faɗa maka, Malam?"

Abin da ya dame ta ke nan. Ba ciwon ba, wanda ya faɗa mini.

Na wuce gidan yayarta, Uwani, wadda ita ce babba a ɗakinsu tun da iyayensu suka rasu. Ina zaton labari zan kai mata. Ashe ni ne baƙo.

Ta ce, "Mun sani mana, Malam Ɗanladi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In an faɗa maka me za ka yi mata, faci? Beli ne ya sauko mata, kuma an cire tun kafin azumi. Sauran sai a hankali."

A gidana aka yi, ina rumfa. Sun kira wanzami ya danne mata harshe ya sa ƙarfe ya yanke belin. Ta kwana biyu tana tofar da jini, ta ɗaure kai da kallabi, aka ce mini haƙori ne. Matan unguwa duk sun sani. Matar Malam Iro ta sani, ita ta riƙe mata kai. Ni da nake kwana da ita a gida ɗaya, ni kaɗai aka bari a duhu, wai don kada a ɗaga wa namiji hankali da maganar mata. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ni nawa ɗakin maƙwabta ne suka sani.

Da na ce asibiti za mu, sai shawara ta ɓarke kamar kasuwa. Wannan ta ce ƙayar kifi ce ta maƙale, a samo mai tofi. Waccan ta ce maye ne ya kama ta a wurin biki. Wani ƙanen ubansu ya aiko da saiwa a jiƙa, mai ɗacin da ko lafiyayye ba zai iya haɗiye ta ba. Uwani ta ce asibiti in suka ga wuya yanka shi suke yi. Na ce ai ku kun riga su.

Satin farko wani ɗakin shan magani muka je. Muka bi layi tun safe har rana ta take. Malamin da ke wurin ya haska mata baki da tocila daga nesa, ya ba mu ƙwayoyi manya kamar gujiya. Na ce, "Malam, ba ta iya haɗiya." Ya ce a daka. Muka daka, muka jiƙa, sati biyu ba abin da ya canza sai wani ƙullutu da ya fito a gefen wuyanta, mai tauri, ba ya motsi. Da muka koma, Allah ya haɗa mu da wani yaron likita da ya zo kewaya. Shi ya sa hannu ya taɓa wuyan. Ya daɗe yana taɓawa. Ya ce mini da Hausa, "Baba, Jos za ku, kuma kada ka tsaya neman shawarar kowa." Ban san sunansa ba. Allah ya yi masa albarka duk inda yake.

A Jos layin kati daban, layin ganin likita daban, layin sanin ranar da za a dawo shi ma daban. Aka sa ta barci aka gutsuro ɗan nama daga ciki, aka ce za a aika da shi wani gari a duba, mu dawo. Muka dawo aka ce bai iso ba. Muka sake dawowa aka ce wanda ke da mabuɗin ofishin ya tafi hutu. Kowace tafiya a bayan babbar mota, kan buhuna, ta hanyar Akwanga, ita tana rufe da mayafi tana tofar da yawu a gwangwani don haɗiye shi ma azaba ne. A dawowa ta uku muka ga likitan, wani Ba'indiye mai furfura, da tafinta a gefensa. Ya faɗi kalma ɗaya wadda har yau tana kunnena: kansa.

Tafinta ya ce, "Daji ne. Ya ce wa ya yanka mata nan?"

Na ce wanzami.

Likita ya cire tabarau ya murza ido. Ya sake magana.

"Ya ce tun yaushe ta daina cin abu mai tauri?"

Na juya na dubi Dije. Ta sunkuyar da kai.

"Ya ce kai yake tambaya. Ba kai ne mijinta ba?"

An zage ni a duniya, masu keke sun zage ni, 'yan doka sun zage ni, amma ba zagin da ya shige ni kamar tambayar nan. Likita ya ce da tun da muryar ta dushe aka zo, da magana ta yi sauƙi. Yanzu ya wuce wuƙa. Sai dai wani inji da ke gasa ciwon da haske, kuma babu shi a Jos, babu a duk Arewa, sai Ikko.

Na dawo na tara dangi na ce ana bukatar mace ta bi mu, don jinyar mace sai mace, su suka faɗa. Nan kasuwar ta watse. Uwani ta ce ƙafarta ba ta son doguwar tafiya. Ƙanwarsu ta ce mijinta bai yarda ba. Mai maganar maye ta ce ita ba ta jin Yarabanci. Asabe ta yi kuka ta ce za ta, amma cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne in a Liman Abaji ne, inda za a zauna a tabarma a ci goro. Da ya zama na Ikko, sai ya koma nawa.

Ina da kekuna na haya, su ne ƙarfin sana'ata. Na sayar da su duka, a wulaƙance, don a lokacin kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane ɗan akawu babur yake nema, keke ya zama na talaka. Mama Tayo ta aika wa ƙanenta Lasisi, direba a Ikko, ta bakin wani mai mota, ta ce ya ba mu wurin kwana. Ita ta raka mu har tashar mota, ta cusa wa Dije gwangwanayen madara a ƙullin kaya. Daga dangi, wanda ya fi ƙoƙari ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Muka hau jirgin ƙasa a Gudi, muka canza a Kaduna. Duk tashar da aka tsaya sai in sayo koko ko ruwan zafi in haɗa mata madara, in miƙa mata, ta karɓa ta riƙe. Ba za ta sha ba sai na tashi. Sai in je in tsaya a mahaɗar tarago, inda ƙarfe ke cizon ƙarfe, in daɗe, in dawo in tarar kofin ya ɗan ragu, gaban mayafinta kuma a jiƙe.

Lasisi mutumin kirki ne. Ɗaki ɗaya gare shi a wani gidan haya mai mutane kamar tururuwa, ya bar mana ya koma kwana a mota. Ɗaki ɗaya, ba zaure, ba bayan ɗaki. A asibitin suka zana mata wuya da tawada shuɗiya suka ce kada ruwa ya taɓa. Kullum da safe mu je mu zauna a benci tare da mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, wani ba hanci, wata ba nono, kowa ya yi shiru da nasa. A kira ta, ta shiga ita kaɗai, a rufe wata ƙofa mai kauri, jim kaɗan ta fito. Ba a ganin wuta, ba a jin zafi. Amma a sati na biyu fatar wuyan ta yi baƙi kamar gindin tukunya, yawunta ya ƙafe, bakinta ya fashe da gyambo.

Duk sati ana ɗora ta a sikeli kamar buhun gyaɗa. Mai ɗora ta wata sista ce 'yar Kafanchan, Kirista, mai Hausa kamar tamu, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Ta ce mini, "Baba, matar nan raguwa take yi. In ta ƙara raguwa likita zai dakatar da gashin, don jiki ba zai ɗauka ba. Injin nan ba ya aiki a kan wanda ba ya ci. Me take sha?"

Na ce kunu.

"Kofi nawa?"

Na ce ban sani ba, ni waje nake fita.

Ta dube ni sama da ƙasa.

A satin ne abin ya faru. Na dama mata kunu da yamma, na miƙa, na fita na zauna a bakin kwata kamar kullum, ina kallon yara suna ƙwallo da lemo. Sai na ji kofi ya faɗi. Na jira in ji tari, ban ji ba. Shirun ne ya tashe ni. Na same ta a kife a ƙasa, ido ya firfito, baki a buɗe, iska ba ta shiga. Na ɗaga ta na yi ta dukan bayanta, matan gidan suka cika ɗakin suna ihu da yarensu, har Allah ya sa abin ya faɗo ta ja numfashi. Da ta farfaɗo, abin da ta fara yi shi ne jawo mayafi ta rufe inda ta ɓata.

Washegari na faɗa wa sista. Ta ce, "Daga yau ba ta shan komai ita kaɗai. Ta zauna a miƙe, ba a kishingiɗe ba. Ta sunkuyar da haɓa in za ta haɗiye. Kunun gyaɗa da madara, kada ya tsinke, kada ya yi kauri, da ƙaramin cokali. Kuma wani yana wurin. Ina matan gidanku?"

Na ce suna Keffi.

Ta ce, "To kai ne yayarta, kai ne uwarta. In kunya ce, ku ajiye ta a bakin ƙofa, in kun warke ku ɗauka."

Faɗa da sauƙi. Da muka koma na dama kunun yadda aka ce, na zauna a gabanta da cokali.

Ta ce, "Malam, fita."

Na ce, "Ba inda za ni."

"To na ƙoshi."

"Kin ƙoshi da me? Iska?"

Ta juya fuska bango. Na yi lallashi, na yi faɗa. Na ce mata na sayar da kekunana, na bar garinmu, na zo ina kwana a ƙasa cikin sauro, ba don in koma da gawa ba. Maganar ta yi nauyi, na sani, amma haka na faɗa. Kunu ya huce, na sake ɗumamawa, ya sake hucewa. Wuni guda ba abin da ya shiga cikinta.

Can da la'asar ta ce, ba ta juyo ba, "Ba kyan gani, Malam. Ta hanci yake dawowa. Da ina da kyan gani ma ban ci a gabanka ba, sai yanzu?"

Sai na tashi na zagaya na zauna a bayanta, na juya mata baya, fuskata na kallon ƙofa. Na ce, "Jingino. Sista ta ce ki zauna a miƙe, ga bango. Bango ba shi da ido."

Ta daɗe. Sannan na ji ƙasusuwan bayanta sun taɓa nawa, ba nauyi, kamar an jingina mini kara. Na ji ƙarar cokali a kofi. Na ji ta ja numfashi ta riƙe, na ji duk bayanta ya ɗaure, na ji abin ya wuce. Ashe haɗiya aiki ce. Ni da na yi shekara hamsin ina zuba tuwo a wuya ban taɓa sani ba sai da na ji ta a bayana.

Haka muka riƙa yi, safe da rana da yamma. In ta ƙware ina ji tun kafin tarin ya fito, sai in juyo in buga mata baya ido a rufe, in koma. Na san cokalin da ya wuce lafiya da wanda ya tsaya. Sati biyu a haka, sikeli ya daina sauka. A na uku ya ɗan ɗaga. Sista ta ce, "Baba, me ka yi mata?" Na ce bango na zama. Ƙullutun ma ya fara laushi, har wata rana ta ce tana marmarin ɗanwake. Aka aiko mana Asabe ta sauka lafiya, namiji. A kwanakin nan na sa rai. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo, da na sa rai.

Wata safiya muka je aka ce inji ya lalace, a dawo sati mai zuwa. Sati mai zuwa aka ce wani ƙarfe ne ya ƙone, an aika ƙasar waje. Na gaba aka ce ƙarfen ya iso, yana cikin jirgin ruwa, jirgin bai sami wurin sauke kaya ba. Lasisi ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni bakin teku ya nuna mini. Jirage ne jere a kan ruwa har inda ido ya ƙare, an ce siminti da motoci da kayan daɗi ne a ciki, ƙasa ta yi kuɗi har ta rasa ƙofar shigo da su. Na tsaya ina kallo, ina cewa a cikin ɗayansu akwai wani ɗan ƙarfe, wataƙila bai fi tafin hannuna ba. A rediyo kuwa kullum ana cewa arziki ya zo.

Muka ci gaba da zuwa benci muna dawowa. Mutanen bencin suna raguwa, ba don sun warke ba. Kafin a gyara injin, ƙullutun ya dawo da ƙarfinsa, wani ya fito a ɗaya gefen, muryar da ta rage ta tafi gaba ɗaya, sai nuni da hannu. Likita ya duba ya yi magana mai tsawo da Turanci. Sista ta jawo ni gefe ta taƙaita mini. Ta ce, "Baba, ka kai ta gida ta ga jikanta." Ta ba ni kwalbar maganin rage zafi, ta riƙe hannun Dije ta yi mata addu'a irin tasu, Dije kuma ba ta janye hannun ba.

Da muka iso Keffi gida ya cika. Duk waɗanda ƙafa ta hana, da waɗanda miji ya hana, sun warke sun zo. Na ɗauko kofi da cokali zan shiga, Uwani ta tare ƙofa.

Ta ce, "Malam Ɗanladi, nan ba Ikko ba ne. Ka yi naka, Allah ya saka. Namiji ba ya zama a ɗakin jinya."

Na ce, "To a zaunar da ita a miƙe. Da ƙaramin cokali. Kada a ba ta a kwance."

"Mu za ka koya wa ba da kunu? Ni na goye ta."

Na koma tabarmar ƙofar gida. Maƙwabta suna aiko mini da tuwo, su Malam Iro suna ta ba ni labarin wanda ya sayi babur ya faɗa rami. Daga nan ina jiyo tarinta ta kan katanga. Na san irin tarin. Na kwance ne, da ludayi ake ɗura mata. In na aika a faɗa, a ce an ji. Bayan kwanaki tarin ya daina, na tambaya, aka ce ai ta daina karɓa ne.

Asabe ce ta fito da jariri a baya, da hantsi, ta durƙusa nesa da tabarma. Ta ce, "Baba, Inna ta ƙi kowa. Ta datse baki. Sai bubbuga tabarma take yi ta bayanta. Mun sa mata matashi ta ture, mun sa bargo ta ture. Ba mu san me take so ba."

Ban nemi izinin kowa ba. Ɗakin cike da mata, na tsallake ƙafafunsu, na ɗaga ta na zaunar, na zagaya na zauna a bayanta na juya.

Uwani ta ce, "Haba Malam, a gaban mutane?"

Na ce, "Wadda kunya ta kama, ga ƙofa nan."

Na jira in ji bayanta. Ban ji ba. Sai na ji ana jan hannun rigata. Ta ja, ta sake ja, har na juyo muna fuska da fuska. Ta ɗauki cokalin ta sa mini a hannu, ta buɗe baki.

Na ɗebo kaɗan na ba ta. Ta sunkuyar da haɓa yadda aka koya mata, ta yi ta fama, rabi ya wuce, rabi ya dawo ta hanci. Na goge mata da hannun riga. Ba ta kawar da ido ba. Ta sake buɗewa. Matan suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, Uwani a gaba, har ya rage daga ni sai ita sai Asabe a bakin ƙofa. Ta karɓi abin da za ta iya, ba yawa. Sannan ta tura mini kofin, ta yi mini nuni in sha. Na kafa kai na shanye, tana kallona. Kunun salam, ba sukari ba daɗi, gyaɗar ma ba ta soyu ba. Ta ga fuskata. Ta nuna kofin, ta nuna ƙofar da yayarta ta fita, ta girgiza kai. Na yi dariya har na ƙware, ita ce ma ta miƙo hannu tana bubbuga mini ƙirji.

Daga ranar ni nake ba ta, fuska da fuska, har ranar da ko ruwa ya daina wucewa. Ta cika a cikin satin, da rana, ina riƙe da ita.

Ran sadakar uku na shiga ciki karɓar gaisuwar mata, na tarar Uwani tana ba baƙi labari. Tana cewa, "Dije ai irinsu sun ƙare. Mace mai kunya, mai haƙuri. Ta yi wata da watanni ba ta ci, ko mijinta bai ji a bakinta ba." Mata suna ta cewa Allah sarki, halin 'yan Aljanna.

Na ce, "Yaya, kwana ya ƙare, wannan na sani, ba na jayayya da Mai Sama. Amma abin nan da kike yabo, kada ki koya wa Asabe."

Tun ranar ba ta amsa gaisuwata. Ban rasa barci ba.

Ina gode wa Mama Tayo da ƙanenta, da yaron likitan nan, da sistar Kafanchan. Ba wanda ya haɗa jini da mu a cikinsu. Sauran kuwa, da masu aska, da masu mabuɗi, da masu jirage, na bar su da Allah, don ni ba ni da ƙarfin kowa.

Kai kuma da kake karantawa, in muryar matarka ta dushe ta wuce sati biyu uku, kada ka yarda da hayaƙi, kada ka yarda da beli, kada ka tsaya jiran mata su faɗa maka, ba za su faɗa ba. Kada kuma cikar akushinka ta ruɗe ka. Nata kwanon za ka duba. Na faɗa wa su Malam Iro haka a tabarma, suka ce gaskiya ne, Allah ya jiƙanta, suka jawo akushi. Har yau a ƙofar gida suke ci, kuma suna cewa baƙin ciki ya taɓa ni, don na daina fitowa.

Ni yanzu a ciki nake cin abinci. Ba kowa a cikin, amma a can nake ci.